Lambar Dogo a Ƙirjin Auta

Ita dai lambar ba abar ɗaukar ido ba ce. Ɗan ƙarfe ne baƙi-baƙi, rataye da jan ƙyalle. Amma duk ƙasar babu lambar jarumta da ta kai ta, kuma yawancin waɗanda aka ba ba su rayu sun gan ta ba. Dogo ma, sojan da ya ci wannan, bai gani ba. Ya yi ta komawa cikin ruwan harsashi yana ɗauko abokansa da suka ji rauni, a komawar ƙarshe ce bai fito ba.

Lambar tana da dokokinta, mahaifin Dogo kuwa ya haddace su kamar shi ya tsara. Wanda ya ci ta da kansa a hagu yake maƙala ta, saitin zuciya, kuma duk sojan da ya gan shi, ko Janar ne, shi zai fara sara masa. In mai ita ya rasu, wani daga danginsa na iya sa ta ranar taron shekara, amma a dama. Baba ne yake sawa har ya rasu bara. Bana abin ya faɗo kan Auta, ƙanin Dogo, mai gyaran fanka da firji, wanda ko a faretin makaranta ƙafarsa ba ta taɓa zuwa daidai da ta kowa ba.

Tun rasuwar Baba kan Inna ya soma rikicewa. Takan ajiye takalminta a firji, ta gaida matar Auta kamar baƙuwa. Da safen taron ita ta ɗauko lambar daga akwati, ta hure ƙurar ƙyallen, ta jawo Auta ta wuyan riga.

"Sunkuyo mana, Dogo. Kai kullum sai ka wahalar da ni da tsawon nan naka."

Auta, wanda ko kafaɗar Dogo bai kai ba, ya sunkuya. Ta soka fil ɗin a hagu.

"Inna, ai a nan ɓangaren ake..."

"Yi mini shiru. Ni za ka koya wa?"

Ya dubi matarsa, ta dubi silin. Ba wannan ne karon farko da Inna ta kira shi Dogo ba, yakan amsa ne a wuce wurin. Amma amsa suna a tsakar gida daban, shiga cikin sojoji da lambar a hagu daban.

A cikin tasi, da ya ga Inna ta juya tana kallon shaguna, sai ya lallaɓa ya mai da lambar dama. Ashe tana ganinsa ta gilashi. Matar da ta manta sunan jikokinta, wannan dokar guda ba ta manta ba.

"Dama ai ta dangin mamaci ce," ta ce. Ta riƙo hannunsa gam. "Wa ya mutu? Dogo, me kuke ɓoye mini? Wa ya mutu?"

Auta ya tuna ranar da aka kawo labarin, yadda ta faɗi a bakin famfo, yadda ta yi watanni ba ta magana. Yanzu a ce shi zai sake faɗa mata, a cikin tasi, direba na sauraro? Tsoro ya kama shi.

"Babu kowa, Inna. Fil ɗin ne yake suka na."

Ya mai da ita hagu da hannunsa.

A ƙofar ɗakin taron wani tsohon Saje ne yake tarbar baƙi, yana dogara sanda. Yana cikin waɗanda Dogo ya ɗauko a kafaɗa, ya kuma san gidan su Dogo ciki da waje. Idonsa na sauka kan ƙirjin Auta fuskarsa ta canza.

"Auta," ya ce ƙasa-ƙasa, "ka san abin da kake yi kuwa? Wannan laifi ne fa. Gyara kafin a gani."

Auta ya ɗaga hannu zai cire, ya sauke, ya sake ɗagawa.

"Saje," Inna ta ce, "ba ka ga Dogo ba ne? Ko an canza dokar, an daina sarawa?"

Saje ya dubi tsohuwar, ya dubi lambar. Sai ya jingine sandarsa da bango, ya ƙame a kan ƙafarsa mai ciwo, ya sara.

Shi ke nan, zance ya lalace. Ƙananan sojojin da ke layi suka ga Saje ya sara, suka bi. Wani hafsa ya taso da sauri. Janar da kansa ya katse hirar da yake yi, ya juyo, ya ƙame. Auta ya rasa inda zai sa hannunsa. Ya ɗaga na hagu, ya tuna ba shi ba ne, ya ɗaga na dama, ya ƙare da share gumi. Kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kafin ya yi wani bayani an ja su zuwa kujerun gaba.

Inna ta zauna tana murmushi, irin wanda rabon da ya gani tun Baba na da rai. Ya ce a ransa, to, ko kama shi za a yi bayan taro, ya ci riba. Ta gyara masa ƙyallen, ta matso kusa da kunnensa.

"Da ka zo da ƙaninka ya ga yadda ake girmama ka," ta ce. "Ni ban san abin da na yi wa Auta ba. Kai kaɗai kake kula da ni. Yaron nan ko leƙo ni ya daina yi."



"Zan faɗa masa, Inna," Auta ya ce.