Tela da Sauron Rana

Tela mutum ne mai son a ce ya sani. A layinsu shi ya fara sayen gidan sauro mai magani, kuma duk wanda ya zo awo sai ya sha labari. Yana ɗora wa mutum tef a kafaɗa yana cewa, "Ni fa sauro ya yi sallama da jinina. Ku ne dai abincinsa."

Wata safiya sai ga shi ya kasa taka keken ɗinki. Kai na sara, bayan idanu na zugi, gaɓoɓi kuwa kamar an bi su da taɓarya. Ya ce gajiya ce. Ya sha maganin maleriya, zazzaɓi ya ce bai san zancen ba. Da jajayen ƙuraje suka feso masa a hannu, matarsa ta ɗauki mayafi.

"Malam, tashi mu je asibiti. Ilimin naka ya ɗan huta yau."

Likitar da ta duba shi ta sa aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito ta ce, "Baba, denge ce."

"Dangi? Likita, wanne a cikinsu? Don akwai wani ƙanen babana da tun tuni..."

"Denge," ta maimaita tana danne dariya. "Ƙwayar cuta ce. Sauro ya ciji mai ita, ya zo ya cije ka."

Tela ya gyara zama duk da ciwon baya. "Ai kuwa nan kin yi kuskure. A gidan sauro nake kwana."

"Da rana fa? Wannan sauron baƙi ne mai ɗigon fari, da safe da yamma yake fita. A ruwan da aka ajiye aka manta yake hayayyafa, ko da bai fi cikin murfin kwalba ba."

Matarsa ta juyo ta dube shi. Shi kuwa ya kafa wa silin ido, don ya tuna tsofaffin tayoyin da ya jibge bayan shago da niyyar sayarwa, da bokitin da ke tarar yoyon rufi, daidai inda ƙafafunsa ke wuni tsirara ƙarƙashin keke. Ashe shi ne mai masaukin baƙi, shi ne kuma abincin.

Likita ta ce babu maganin da ke kashe ta kai tsaye: ya sha ruwa sosai, ya huta, farasitamol kawai, ban da asfirin. In ya ga jini a dasashi, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciki ya murɗa, a dawo da shi da gudu. Kuma ya kwanta a gidan sauro har da rana, kada wani sauron ya kwashi cutar ya kai wa iyali.

Haka ya yi jinya, ƙato da shi, cikin raga tsakar rana kamar nama a shagon mahauci. Ta taga yana jin matarsa da maƙwabta suna kifar da tayoyi, suna goge bokitai da soso don ƙwan da ke manne, suna rufe durom.

"Malam, zo ka ga 'yan hayarka!" ta ƙwala masa. "Har wutsil-wutsil suke!"

"Ki ce musu maigidan ba ya nan."

Da ya warware ya koma shago, ya rame, sanye da safa da riga mai dogon hannu cikin zafin nan. Bai gama share keke ba wata da ta ba shi ɗinki ta faɗo, fuska a ɗaure.

"Ina kayana?"

"Hajiya, wallahi sauro ne ya kwantar da ni."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Wancan karon wuta aka ɗauke. Kafin nan kakarka ta rasu. Yanzu kuma sauro?"

Tunda Tela ya fara sana'a yau ne ya faɗi gaskiya, ga shi ba ta karɓu ba. Ya jawo yadinta daga ƙasan tuli, ya kaɗe shi, ya ɗauki almakashi.