Tambuwar da Babu

Ranar da Litia, matar Apenisa, ta fara naƙuda muka sauko da ita bakin ruwa, muka tarar da kwalekwalen asibiti babu inji. An kwance shi tas, sai ƙusoshi a kan yashi. Ni ne direban kwalekwalen. Da filafili muka tuƙa, ni da Apenisa, tun hantsi har rana ta karkata kafin mu isa asibiti. Litia ta rayu. Jaririn bai rayu ba.

Ba a wahala wajen neman ɓarawo ba. Sakiusa ne, ɗan tsoho Tomasi, wanda a da babu mai nutso kamarsa a tsibirinmu, kafin ya je birni ya koyo zuƙar farin garin nan da suke kira ƙanƙara. Ya ba wasu masu jirgin kamun kifi injin, suka ba shi ƙullin ƙanƙarar.

Ranar Asabar kofur Isikeli ya iso a jirgin 'yan sanda. Ya cire hularsa a bakin gari kamar yadda kowa ke yi, ya shiga zauren taro. An dama yangona, abin shanmu na gargajiya da ake yi da saiwa, ƙoƙo yana zagayawa, amma babu mai jin ɗanɗanonta. Sakiusa na ƙofa a durƙushe, ya rame kamar karan rake, jikinsa na ɓari.

"Kofur, ka ɗauke mana shi," in ji mai gari. "Yau inji, gobe rufin coci."

Mereoni, nas ɗinmu, ta miƙe daga layin mata. "Ranka ya daɗe, ɗan ƙanwarka ma ai ɗauke shi aka yi. Ya shiga kurkuku yana sha, ya fito yana sayarwa. Wannan ciwo ne, asibiti yake so."

"Ciwo? Ciwon da ya iya kwance ƙusa?" wani ya ce daga baya. "To ni ma gobe ciwon satar aladenki zai kama ni, sai ki ba ni allura!"

Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri.

Kofur ya ce, "Ku saurara. Ban same shi da ko ƙwaya ba. Abin da ke hannuna ƙarar sata ce, kuma Apenisa ne ya kai ta a madadin gari. In ya tsaya a kanta, da yaron zan koma kafin ruwa ya janye. In ya janye ƙarar, ba ni da hujjar saka masa ankwa."

Duk ido ya koma kan Apenisa. Tun da aka zauna bai ɗaga kai ba.

Sai tsoho Tomasi ya yunƙura. A wajenmu, in ɗanka ya yi wa wani ɓarnar da baki ba zai iya gyarawa ba, tambuwa kake kai masa, wato haƙorin ƙaton kifin teku da igiyarsa ta zaren kwakwa. In ya karɓa, magana ta mutu har abada. In ya ƙi, shi ke nan. Tsohon ya ja jiki a kan gwiwoyinsa har tsakiyar tabarma, rungume da akwatin gidansu. Ya buɗe.

Babu komai ciki sai tsumman da ake naɗe ta.

Ya juya ya dubi ɗansa. Sakiusa ya kifa goshi a ƙasa. "Baba, tun bara na sayar da ita," ya ce. Ita ma ta tafi a hayaƙi.

Wata tsohuwa ta saki salati irin namu, ta rufe baki. Tambuwar kakanninsu ce, da ita aka auro uwar Tomasi. Na ɗauka tsohon zai faɗi. Mai gari ma ya sunkuyar da kai, don kunyar ta wuce gida ɗaya.

Tomasi ya ture akwatin gefe. Ya gyara durƙuso a gaban Apenisa. Ya miƙa hannun hagu, tafi a buɗe, kamar mai tallabe da abu mai nauyi. Ya ɗaga na dama, yatsu a dunƙule kamar mai riƙe da igiya. Sannan ya fara jawabin miƙa tambuwa, da tsohon harshen da ba a ji sai ranar babban al'amari. Ya kira sunan gidan Apenisa da na kakanninsa. Ya kira jaririn da ba a kai ga raɗa wa suna ba, ya ce masa baƙon da muka kasa tarba. Muryarsa ba ta rawa. Hannuwansa ne ke sauka a hankali, kamar abin yana ƙara nauyi.

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Na ga manyan maza suna leƙen tafin hannun nan. Iska ta ɗauke, har ƙarar ruwa a kan duwatsu muke ji.

"Ɗana," ya ce wa Apenisa a ƙarshe, "abin da ya rage a gidana ke nan."

Apenisa ya daɗe yana kallon hannuwan. Ya juya wajen mata, inda Litia ke zaune jingine da bango, ba ta gama warwarewa ba. Ta haɗa tafukanta ta yi tafi mai zurfi irin na karɓa.

Apenisa ya matso. Ya sa hannu biyu ya ɗauke abin da ke hannun tsohon, a hankali, kada igiya ta taɓa ƙasa. Ya kai bakinsa ya sumbata. Zauren gaba ɗaya ya ɗauki tafi, har da wanda ya yi maganar alade.

"Na karɓa, Baba," ya ce. "Amma ban yafe wa farin garin nan da yake zuƙa ba. Sakiusa, ɗago ka dube ni. Yau za ka tafi asibitin birni, Mereoni za ta raka ka. In ka gudo, ba kofur zai nemo ka ba, ni ne."

"Yaya, na ji," in ji Sakiusa, yana kuka kamar yaro.

Mai gari ya yi gyaran murya. "Kofur, doka ta yarda da wannan?"

"Doka ba ta ga komai a hannun tsohon nan ba, ranka ya daɗe," in ji kofur. Ya share ido da bayan hannu. "Ni dai na gani. Ku ba ni ƙoƙo ɗaya in sha, ruwa na janyewa. Kai kuma Sakiusa, tashi, akwai wuri a jirgina. A hanya za ka gaya mini sunan jirgin da ya karɓi injin."

Sakiusa ya kasa tsayuwa da ƙafafunsa. Apenisa ne ya saɓa shi a kafaɗa, ya gangara da shi bakin ruwa.