Tsohuwar da Ta Manta Ma'anarta

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni ya ajiye ni a gidan da tsofaffin kalmomin Turanci suke zama bayan an daina faɗin su. Murna ta kama ni, domin irinsu nake farauta tun da na koya wa kaina Turanci. Ga su kan tabarmi cikin kwat masu ƙura, suna shan shayi da cokali mai yatsu. A tsakar gida ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana zuba sama.

Na durƙusa gaban wani dattijo. "Baba, mece ce ma'anarka?"

"Jibi."

"Kai! Turawa suna da jibi suka yar?"

"Gaggawa gare su, ɗan nan. Goben ma da ƙyar suke jira."

Sai ga ni a ofis. Bunsuru ne shugaba, yana taunar hularsa. Gabansa wata tsohuwar kalma tana durƙushe.

"Ta manta ma'anarta," in ji shi. "Marar ma'ana tsakar gida muke fitarwa, ruwa ya tafi da ita."

"Ranka ya daɗe, ba wata dabara?"

"Sai dai ka ba ta ɗaya daga cikin kalmominku na Hausa. Amma abin da ka bayar ya bar bakinku ke nan har abada."

Na tsaya ina juya abin. Kalmomin nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Ina ni ina kyauta da kayan jama'a? In ba ta sannu, da me za a gaida majinyaci? In ba ta kara, mun lalace.

Kafin in gama tunani an fitar da ita. Ruwa ya ɗaga ta har saitin katanga, takalmanta suna reto.

"Ɗan nan, ko 'yar ƙarama ce!" ta ƙwala mini kira.

Na yi tsalle na cafke ƙafarta. "Santi! Ma'anarki santi!"

Ta sauko tana lasar yatsu, tana rantsuwa wanda ya dafa shayin nan ya cancanci kujerar Makka. Gida ya kaure da guɗa, har bunsuru ya taka rawa. Na buɗe baki in maimaita kalmar, sai iska.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta tashe ni. Uwani, matata, ta turo ƙofa da kwanon ɗumame yana tururi. Na daɗe ina kallonsa, ina tsoron kai loma ta fari.