Shafin Godiya

Tun daga Bunkure Dokta Muhyiddeen yake shirya abin da zai faɗa, amma har motarsa ta shiga Zinyau bai samu kalmar farko ba.

Shekara biyu suka yi suna aikin. Malaman jami'a tara ne, daga Kano da Maraɗi da Tamale da wata jami'a ta Turai, suna binciken yadda malaman karkara ke kallon 'yan siyasa tun da aka ƙaddamar da Shari'a. Shi aka ba Rano da Kibiya, don ɗan Saji ne, can ƙasar Rano. A cikin malaman da ya yi hira da su, babu wanda ya cika masa kaset kamar Malam Lado na Zinyau, wanda ya koya masa alwala da karatun farko. Malam ya caccaki kowa, har da wani Alhaji ɗan takara da ke saya wa masallacin garin tabarmi duk lokacin da zaɓe ya matso.

"Amma amana ce," in ji Malam a ranar. "Kada sunana ya fito."

A cikin rahoton kuwa bai fito ba. "Wani malami a kudancin Kano" aka rubuta, yadda ƙa'idar aikin ta ce. Da aka zo buga na Hausa ne Muhyiddeen ya kasa daurewa. An raine shi a kan cewa wanda ya karɓi ilimi bai ambaci malaminsa ba ya zubar da albarka. Sai ya ƙara layi ɗaya a shafin godiya: ga malamina, Malam Lado Zinyau, da ya ba ni kwana uku a zaurensa.

Littafin ya faɗa hannun yaran Alhajin, suka haɗa maganar da sunan. Kafin watan azumi ya tsaya, kwamitin masallaci ya karɓe tafsirin da Malam ya shekara ashirin da biyu yana yi, aka ba wani.

"Abokan aikinmu na Maraɗi ko sunan gari ba su sa ba," in ji Farfesa Sa'adiya, shugabar aikin, a waya. "Kai kuma ka ba da mutum har da adireshi. Ka je ka same shi, Muhyiddeen."

Ya tarar da Malam a zaure bayan la'asar, ya rame.

"Dokta da kansa! Yau Turawa sun sake ka?"

"Allah ya gafarta Malam." Ya durƙusa ya gaishe shi. "Na ji abin da ya faru."

"Ka ji ko? Cewa kawai suka yi maganganuna sun kai kunnen Alhaji." Malam ya gyara zama. "Kai ban taɓa zarginka ba. Mu uku ne a zauren nan ranar, da ni da kai da Haliru. Ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya, amma tun da aka ba shi hular jam'iyya bakinsa bai ƙara rufuwa ba. Ya rantse, ya yi kuka, na ce ya tashi ya ba ni wuri."

Muhyiddeen ya dubi jakarsa. Ashe babu wanda ya nuna wa Malam littafin, kuma Malam ba ya karanta boko. Zai iya cewa Allah ya kyauta, ya sha ruwa, ya koma Kano da mutuncinsa. Har ya miƙa hannu wajen makullin mota.

"Malam, ba Baba Haliru ba ne."

"To wa?"

Ya zaro littafin daga jaka, ya buɗe, ya karanta layin.

Malam ya nuna littafin da yatsa.

"Sake karantawa."

Ya sake.

"Na ce maka kada sunana ya fito."

"Na ɗauka godiya daban ce, Malam. Na ji nauyin in ci iliminka in yi shiru."

"Wa ya gaya maka albarka sai an buga ta a inji? Da ka zo da kanka ka ce na gode, ba ta isa ba?" Malam ya runtse ido. "Tafsiri kam ba gadon gidanmu ba ne. Amma wata biyu ina wuce ɗan'uwana a sahu ban ba shi hannu ba. Matarsa ta haihu, ban je suna ba."

"Ka yafe mini, Malam."

Malam ya jawo takalmansa, ya dafa bango ya miƙe. Muhyiddeen ya kai hannu zai riƙe shi, ya kauce.

"Ka san gidan Haliru. Wuce gaba. Kai za ka yi sallama, kai za ka karanta masa, da ƙarfi, iyalinsa su ji."

"Malam, maganar yafiyar..."

"Ba a wajena za ka fara neman ta ba. Mu je."