Baƙar Ordinater a Shagon Tahiru

Zakiyya ta samu aiki da wani proje mai ƙidayar rijiyoyi a ƙauyukan Dogo. Shugaban biro, wato ofishinsu, ya ce ta zaɓi ordinater, kwamfutar aiki, da kanta, amma sau ɗaya ake saya wa ma'aikaci. In ta mutu a tsakiyar damina, rapor, wato rahoton aiki, ya tsaya, aikin ya koma hannun wani.

Iri biyu ta gani a Kasuwar Dole. Ɗaya siririya ce mai launin azurfa, ɗayar baƙa mai kauri, da nauyi kamar bulo. Yayanta Rashid, wanda ya yi karatu a waje, ya nace kan siririyar. Ita kuwa ta ɗora yatsunta ta ji haruffan ba sa inda ta saba, don ta Kano aka kawo ta, jerin Ingilishi gare ta. Baƙar tana da jerin Faransanci. Ta ɗauki baƙar. Mai kanti ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa.

"Kin sayo dutsen niƙa," in ji Rashid.

Washegari ta hau kabu-kabu zuwa shagon Tahiru, mai gyara a Zango, don ya zuba mata manhajojin aiki. Tana shiga ta tsaya cak. Daga ƙasa har rufi, matattun ordinater ne jibge, wasu ba gilashi, wasu ciki a buɗe. Kusan dukkansu baƙaƙe ne, da tambari irin na tata. Siririya ko ɗaya babu.

Ta zauna a benci, jakar ordinater ɗin a cinya. Ta tuna laterit, hanyar jar ƙasa ta Dogo, da yadda mota ke jijjiga mutum.

"Baba Tahiru, ashe wannan ce mai mutuwa?"

Bai ɗago daga abin da yake kwancewa ba. "Duka suna mutuwa, ɗiyata. Wacce kika sayo?"

Ta fito da ita. Ya juya ta, ya duba gindi, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Wa ya zaɓa miki?"

"Ni."

"To kin fi yayanki hankali. Ai ya zo nan da tasa." Ya jawo akwatin tebur. Ga siririyar Rashid a kwance cikin leda, da takarda liƙe. "Wata uku ke nan. Batir ɗinta a manne yake, kuma babu shi a Damagaram, babu a Maraɗi. Na aika Yamai, shiru."

Ya nuna tarin da sukudireba. "Waɗannan kuwa ma'aikata ne suka ci moriyarsu shekara takwas, goma, suka bar min. Ko me ya lalace a taki, a nan zan ciro. Ki kawo da hantsi, ki karɓa kafin la'asar."

Zakiyya ta sake duban tarin. Ta saki madaurin jakar, ta ga ya yi mata shaida a tafin hannu.

"Batir na biyu fa? Can Dogo ba kuran, ba wutar yin caji."

Ya miƙa hannu sama bai ko duba ba, ya zaro ɗaya, ya hure ƙura, ya gwada. Ya shiga daidai.

Da ta koma gida Rashid yana zaure yana rubutu a waya da babban yatsa.

"Yaya, Baba Tahiru yana gaishe ka," ta ce. "In kana da aikin gaggawa, dutsen niƙa yana nan har Litinin, kafin in tafi Dogo."