Tambarin Cukun Matan Tarka

Malam Manzo ya ɗaga takardar sama, ya juya ta, ya sake juya ta, kamar mai neman inda kanta yake.

"Ina saniyar?"

"Babu saniya, Malam," in ji Radiya.

Tun kafin a haife ta yake rubuta allunan shagunan Tanut. Ita kuwa bara ta dawo daga Zinder, inda ta koyi zane a odinatar, wato kwamfuta, kuma tun da ta shigo ataliyensa, shagon da yake aikin zane, wankin burushi kawai take yi. Yanzu ƙungiyar matan Tarka masu busar da nono su yi cuku suna son tambarin da za a manna a ledarsu. Malam ya zana nasa: saniya mai murmushi, da rana tana fitowa bayanta. Radiya ta zana nata ba da izinin kowa ba.

Layuka ne kawai, farare a kan ruwan ƙasa, irin shatin da asabari yake bari a jikin cuku in an shanya shi. A kusurwa ta ƙara wata ƴar alama don ado, ƙugiya da ɗigo biyu, da ta taɓa gani a wuyan wani raƙumi a kasuwa.

Malam ya daɗe yana kallon kusurwar. Sai ya ajiye takardar.

"Ƴar odinatar, zauna in gaya miki. Mai zane bawa ne. Ya saurara, ya sunkuyar da kai, ya yi abin da ido ya saba. Ni na yi shekaru ina riƙe wa maigidana tsani kafin ya bar ni in rubuta harafi ɗaya. Ke daga zuwa za ki kore mini saniya?"

"Saniyarku tana jikin shagon mahauci, tana jikin famasin dabbobi, tana jikin teburin mai shayi. Ta gaji, Malam."

Masu ɗinkin da ke maƙwabtaka da su suka tsayar da keke.

"To. In kin kai musu wannan, kada ki dawo mini nan."

Radiya ta naɗe takardarta. Ta san babu wani ataliye a garin, kuma babu inda za a buga mata ko ƙyalle sai nan. Ranar kasuwar Balbeji, inda matan Tarka suke sayar da cukunsu, ta shiga mota duk da haka.

Ta sami matan a ƙarƙashin rumfa, cuku jere a gabansu. Shugabarsu, Inna Raishatu, doguwa ce mai ƙaramar murya. Ta karɓi zanen Malam, wanda ya riga ya aiko, ta haɗa da na Radiya, ta miƙa wa sauran.

"Kai, wannan ai cukunmu ne!" wata ta ce, tana bin layukan da yatsa. "Har da inda asabarin Yagana ya karkace."

"Asabarinki ne ya karkace, ƴar baƙin ciki," in ji Yagana. Aka yi dariya. Radiya ta ji ƙirjinta ya buɗe.

Sai dariyar Yagana ta tsaya. Ta kai takardar kusa da ido.

"Wannan fa? Ba shaidar gidan Aghali ba ce?"

Takardar ta zaga hannu hannu. Kowa ya gane ta, domin ita ce alamar da dangin Aghali suke ƙona wa raƙumansu a wuya. Matar Aghali tana cikin ƙungiyar, tana zaune can gefe, ta ja mayafi ta rufe baki.

"Wato nonon shanunmu, wahalarmu, sai a buga masa shaidar wani gida?" in ji Yagana. "Gobe a ce mu ma nasu ne?"

"Wallahi ban san yarinyar nan ba," in ji matar Aghali. "Ban aike ta ba."

Hayaniya ta tashi. Inna Raishatu ta ɗaga hannu.

"Ɗiyata, wa ya ce ki sa wannan?"

"Ba kowa, Inna. Kyau ta yi mini. Ban tambaya ba. Laifina ne, ba na kowa ba." Ta juya wajen matar Aghali ta durƙusa. "Ki yafe mini." Ta juya wajen Yagana. "Ku ma ku yafe mini."

"To, shi ke nan," in ji Inna Raishatu. "A ba mu saniyar Manzo. Ita ba ta taɓa haɗa kowa faɗa ba."

Radiya tana durƙushe har yanzu. Abin da ya kamata shi ne ta ce to, ta tashi, ta nemi mota. Maimakon haka ta miƙa hannu ta karɓi takardarta, ta ninke kusurwar, ta yage ta, ta ba matar Aghali guntun.

"Wannan taku ce, na mayar. Amma layukan nan, Inna, na wane gida ne?"

Ta ɗaga takardar don kowa ya gani.

"Ku gaya mini. In na wani ne, su ma in yage su."

"Na kowa ne," in ji Yagana, ba da son ranta ba. "Duk mai asabari."

"To saniyar fa," in ji Radiya, "ta wace ce a cikinku? Ni dai ban taɓa ganin saniya mai murmushi a Tarka ba."

Wata tsohuwa ta fashe da dariya har da tari. Inna Raishatu ta ɗauki cuku ɗaya, ta ɗora shi gefen yagaggiyar takardar, ta duba wannan, ta duba wancan.

"Bakinki ya fi jikinki girma," ta ce. "Ki je a buga mana wannan. Amma ko ɗigo kika ƙara, sai kin zo kin tambaye mu."

Washegari Radiya ta tsaya a ƙofar ataliye. Malam Manzo yana haɗa fenti, bai ɗago ba.

"Na ce kada ki dawo."

"Ba wankin burushi na zo ba, Malam. Aiki na kawo." Ta shimfiɗa takardar a teburinsa.

Ya ga kusurwar da babu. Gefen bakinsa ya motsa.

"Kun gane ta tun ran nan," in ji Radiya. "Kun san shaidar Aghali ce, kuka bar ni na tafi."

"Da na faɗa, za ki ji? Ke da kika zo korar saniya?"

"Da na ji wannan. Saniyar ce ba zan ji ba."

"Yanzu kin koyi sunkuyar da kai."

"Na sunkuyar wa masu cukun, don su na ɓata wa. Zan sake, duk ranar da na ɓata."

Ya goge hannu a tsumma, ya jawo takardar, ya sa tabarau. Ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya.

"Layukanki sun yi siriri," ya ce. "In aka buga a leda za su haɗe, su zama kunu. Ki ƙara musu kauri, ki rage yawansu."

Ta leƙa. Gaskiyarsa ce, kuma abin ya ba ta haushi.

"Zan ƙara. Amma ba saniya."

"Wa ya yi miki zancen saniya?" Ya tura mata kujerar da babu mai zama a kai sai shi. "Zauna ki gyara. In kin gama, burusan suna can suna jiran ki."

Radiya ta zauna. Ta ɗauki fensir, ta fara da layin da ya karkace.