Jirgin da Ya Rabu Biyu

Kun gan ta. Kada ku ce ba ku gan ta ba, ku 'yan Nepal da kuka daɗe a Japan har bakinku ya goge da yarensu. Tsohuwa mai jan mayafi, rungume da kwanon man shanu, ku kuwa kuka dulmiya cikin wayoyinku.

Sunanta Phulmaya, jiya ta sauka daga Kathmandu. Ƙarfe uku za a yi wa 'yarta Kopila aiki a ciro jariri, yarinyar kuwa tana ta kuka, ita dai uwarta ta shafa mata kai kafin a shiga da ita. Wata maƙwabciya ta saka tsohuwar a jirgin ƙasa, da sunan tasha a takarda.

Surukinta Tek, mai kiran ta Ama, wato uwa, ya kira daga asibiti.

"Ama, kin shiga?"

"Na shiga. Ko tari ba a yi a nan, kamar gidan makoki."

"Kalma nawa kika haddace a yarensu?"

"Uku. Na gode, yi haƙuri, to."

"Sun ishe ki. Ni da biyu na zo, ga shi har na aje tumbi."

"Tumbin banza. Kopila ta ci wani abu?"

"An hana ta. Likita na kira, Ama."

Ya manta bai gaya mata ba, jirgin nan rabuwa yake a hanya: taragun gaba su nufi garin asibitin, na baya su hau duwatsu. Ita kuwa da ta ga ana toshe hanci saboda man shanunta, kunya ta sa ta yi ta ja da baya har taragon ƙarshe.

A wata tasha lasifika ta yi doguwar magana, mutane suka miƙe suka yi gaba. Ta nuna wa wani dattijon Bajapane takardar. Ya yi ta bayani yana nuni da hannu. Ta rusuna ta ce, "To."

Sai ta hango wani saurayi mai kwat, da jan zaren ibada na gida a wuyan hannunsa.

"Ɗana, ɗan wane gari ne kai?"

Ya kalli kwanon, ya kalli Japanawan da ke gefensa, ya wuce gaba.

Jirgin ya girgiza. Ta taga ta ga rabinsa ya tafi. Nasu ya karkata, bishiyoyi suka rufe gari. Ƙarfe biyu da kwata. Wayarta tana ta ruri, ta kasa ɗauka.

Gobe ma wata za ta sauka da takarda a hannu. Ka tashi daga kujerarka, ka karɓi takardar ka karanta, ka yi mata magana da harshen da uwarka ta raine ka da shi.